Haƙƙin Mallakar Fasaha: Abin da Doka Ta Ba Masu Zane da Masu Sana'ar Hannu na Zariya, da Abin da Ta Bari

A ranar 17 ga Maris, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka kafa tun 1988. Daga wannan lokaci zuwa yau, yawancin bayanin da ake ji a rediyo da shafukan sada zumunta a kan 'yan fim da mawaƙa da marubuta yake tsayawa. Mai zanen riga a cikin birnin Zariya, da matar aure mai ɗinkin hannu a cikin gida, da baduku, da ɗalibin Sashen Zane-zane a Samaru, ba kasafai ake sako su cikin zancen ba, alhali dokar ta ambaci aikinsu kai tsaye.

Kukan da suke yi iri ɗaya ne. Mutum ya ɓata makonni ya fitar da sabon aikin wuya, ya ɗora hotonsa a WhatsApp ko Instagram don neman ciniki, kafin wani lokaci sai ga irinsa a kasuwar Sabon Gari an buga da injin kwamfuta, ana sayarwa da araha. Wasu su ce masa ya kai ƙara, wasu su ce ai bai yi rajista ba, wasu kuma su ce ɗinkin gargajiya ba shi da mai shi. Kowace magana cikin ukun nan tana da ƙanshin gaskiya, amma babu wadda ta cika. Amsar tana rataye ne a kan irin aikin da aka kwaikwaya, da niyyar mai shi lokacin da ya yi shi, da kuma shaidar da ke hannunsa.

## Kariya huɗu ce, kowace da ƙa'idarta

Abin da ake kira mallakar fasaha a dunƙule ya kasu kashi-kashi a Najeriya, kuma ba ofishi ɗaya ke kula da su ba.

Na farko shi ne haƙƙin mallaka, wanda Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, ke kula da shi. Ya shafi rubutu, waƙa, fim, hoto, da ayyukan zane. A ƙarƙashin ayyukan zane doka ta lissafa zanen fenti, zanen alƙalami, sassaƙa, hotuna, da aikin hannu mai ɗauke da gwaninta. Wannan haƙƙi ba ya buƙatar rajista. Da zarar mutum ya yi ƙoƙarin da ya ba aikin kamanni na kansa, kuma ya fitar da shi a wani abu da za a iya gani ko a kwafa, takarda ce ko yadi ko fata ko allon waya, to haƙƙin ya tabbata. Yana ɗorewa tsawon ran mai aikin, da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Uche Okeke, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, ya rasu a 2016, saboda haka haƙƙin zane-zanensa yana nan har ƙarshen 2086. Hoton kyamara kuwa shekara 50 ne daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a.

Na biyu shi ne zayyanar masana'anta, wato tsarin layuka ko launuka ko siffar abu da aka yi don a riƙa buga shi da yawa. Wannan yana ƙarƙashin Dokar Ƙirƙira da Zayyana ta 1970, kuma sai an yi masa rajista a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Rajistar ta shekara 5 ce, ana iya sabunta ta sau biyu, jimla shekara 15.

Na uku tambarin kasuwanci, suna ko alamar da ke bambanta kayan wani da na wani. Rajistarsa ta farko shekara 7 ce, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, daban take da rajistar tambari. Ta CAC tana ba mutum damar gudanar da kasuwanci da suna, amma ba ita ce ke ba shi mallakar alamar da yake liƙa wa takalma ko jakunkuna ba.

Na huɗu shaidar ƙirƙira, mai wa'adin shekara 20, wadda ake ba wanda ya gano sabuwar na'ura ko sabuwar hanyar sarrafa abu. Ba ta cika shafar mai ɗinki ba, sai dai masu bincike irin na Cibiyar Nazarin Fata da ke Samaru idan suka gano sabuwar hanyar jima.

## Dabara ta kowa ce

Dokar 2022 ta faɗa ƙarara cewa ba a mallakar dabara, ko hanyar yin abu, ko salo. Abin da ake mallaka shi ne ainihin aikin da aka fitar. Idan wani tela a Tudun Wada ya fara haɗa zare mai ruwan ƙasa da shadda fara, ba zai hana wasu haɗa waɗannan launuka ba. Idan mai zane ya zana hawan sallar Zazzau, ba zai hana wani zana dawakai da 'yan lifidi ba. Abin da zai iya hanawa shi ne a ɗauki nasa zanen, ko wani sashe mai muhimmanci daga cikinsa, a sake fitarwa, ko a buga a riga ko kalanda, ko a watsa a intanet ba da izininsa ba.

Akwai wata magana da ke yawo a tsakanin masu sana'a, wai idan ka canja abu kaɗan a cikin aikin wani, ya zama naka. Doka ba ta san wannan ba. Kotu tana duba ko abin da aka ɗauka shi ne jigon aikin, ba yawan abin da aka sauya ba. Haka nan rubuta sunan mai aikin a ƙarƙashin hoto ba ya zama izini.

Doka ta bar wasu ƙofofi a buɗe: amfani na kai, bincike da karatu wanda ba na neman kuɗi ba, sharhi, da ba da labari, muddin an yi adalci kuma ba a kashe wa mai aikin kasuwa ba. Ɗalibin da ya kwaikwayi zanen malaminsa don hannunsa ya faɗa yana cikin wannan sarari. Ranar da ya fitar da kwafin don sayarwa, ya fita daga cikinsa.

## Inda masu sana'ar hannu suka fi faɗawa

Akwai wani sharaɗi a dokar da bai dami mai zanen fenti ba, amma yana iya raba mai zanen atamfa ko baduku da haƙƙinsa. Aikin zane ba ya samun kariyar haƙƙin mallaka idan tun lokacin da aka yi shi, niyyar mai shi ita ce ya zama samfurin da masana'anta za ta riƙa bugawa. Irin wannan aiki sai dai ya nemi kariya ta hanyar rajistar zayyana.

Ita kuma rajistar zayyana tana da nata sharaɗin: dole zayyanar ta kasance sabuwa, ba a riga an nuna ta ga jama'a ba kafin ranar da aka shigar da takarda. Rangwamen da doka ta yi shi ne ga wanda ya nuna ta a baje kolin da hukuma ta shirya ko ta amince da shi, cikin wata shida kafin ya nemi rajista. Sannan wanda ya riga shigar da takarda shi doka ke fara gani a matsayin mai ita, sai dai in an tabbatar ɗauka ya yi daga wurin wani ba da yardarsa ba.

A nan al'adar kasuwa da doka suka yi hannun riga. Ɗalibar Sashen Zayyanar Masana'antu ta Jami'ar Ahmadu Bello da ta tsara sabon zanen yadi don ta kai wa kamfani, abu na farko da za ta yi shi ne ta ɗora a Facebook ta ga ko zai karɓu. Da wannan ɗorawar tana iya rasa damar rajista, kuma da yake tun farko don masana'anta ta yi shi, wanda ya kwafa yana iya cewa haƙƙin mallaka ma bai rufe ta ba. Sai ta tashi ba tsuntsu ba tarko. Wanda ya ɗinka riga ɗaya tilo da hannu, ba da nufin a buga ta ɗari-ɗari ba, matsayinsa ya fi ƙarfi, domin aikinsa ya faɗa cikin aikin hannu mai gwaninta. Iyakar da ke tsakanin biyun ba koyaushe take fitowa fili ba, kuma idan rigima ta kai kotu, niyyar mai aikin ce za a nemi a tabbatar da hujja.

## Aska takwas ta wane ne?

Adon babbar riga irin su aska biyu, aska takwas da tambari, da dagin Arewa, da irin adon bangon da aka san gidajen birnin Zariya da shi, duk sun girmi kowane mai sana'a da ke raye. Babu wanda zai je Abuja ya yi musu rajista a matsayin sabuwar zayyana, babu kuma wanda zai ce shi ya ƙaga su. Amma hakan ba ya nufin doka ta sake su.

Dokar ta ware wani babi na kayan gargajiya, inda ta ambaci tatsuniyoyi, waƙoƙin gargajiya, raye-raye, sassaƙa, tukwane, ƙira, kayan ado, tufafi da saƙar gida. Ta hana a kwafa su ko a sauya su don kasuwanci, ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada, ba tare da izini ba. Ikon ba da wannan izini yana hannun NCC, ba hannun masarauta ko ƙungiyar masu sana'a ba. Ta kuma yarda mai fasaha ya aro daga gargajiya ya gina sabon aiki nasa, muddin aron bai wuce kima ba.

Wannan aro ba baƙon abu ba ne a Zariya. A 1958 ne ɗalibai a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wadda daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suna cikinsu, kuma manufarsu ita ce a haɗa fasahar gida da dabarun da aka koyo daga Turawa. Okeke ya ɗauko zanen uli na ƙasar Ibo ya gina aikinsa a kai. A idon doka, ulin ya ci gaba da zama na al'umma, zanen da Okeke ya fitar kuma nasa ne. Haka abin yake ga mai zanen riga na yau: askar ba tasa ba ce, amma sabon tsarin da ya ƙara a kewayenta, idan ya fito da kamanni na daban, nasa ne, kuma a kan wannan ƙarin kaɗai zai iya tsayawa ya yi magana.

Masu goyon bayan tsarin suna cewa dole a sami hukuma ɗaya da za ta tsaya wa kayan gado, tunda al'umma ba ta da adireshin da kamfanin waje zai rubuta wa takarda, kuma ado ɗaya kan ratsa Zazzau da Kano da Bida da Ilori. Masu suka kuwa suna cewa an ɗauke iko daga hannun waɗanda suka raya sana'ar an kai Abuja, kuma babu wata hanya sananniya da kuɗin izini zai dawo unguwar da ake ɗinkin. Wata tambayar ma ita ce matsayin baduku ko maɗinkin da ke sayar da kayan gadonsa. Idan aka ɗauki lafazin dokar a tsaurare, kasuwanci yake yi. Fahimtar da ta fi dacewa da manufar babin ita ce wanda ke sana'ar iyayensa a muhallinta ba shi ake nufi ba.

## Wanda ya biya da wanda ya yi

Babbar riga ɗaya tana ratsa hannaye da yawa: mai kuɗin da ya sayi shadda, mai zanen da ya shata aikin a jikin yadi, masu ɗinkin hannu waɗanda a birnin Zariya mata da yawa ke cikinsu, telan da ya haɗa, masu bugu, sannan dillali. A al'ada, wanda ya biya shi ke da riga, magana ta ƙare. Doka ta raba abu biyu: mallakar rigar daban, mallakar zanen da ke jikinta daban. Sayen abu ba ya ba mai saye haƙƙin kwafarsa. Alhajin da ya sayi zanen fenti ya rataya a falonsa yana da ikon ya sayar ko ya kyautar, amma ba shi da ikon ya buga shi a kalandar kamfaninsa.

Ƙa'idar ita ce haƙƙi yana fara sauka a kan wanda ya ƙirƙiri aikin, sai in an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Aikin da aka yi wa gwamnati ko hukumominta ya fita daban, domin a nan gwamnati ce ke riƙe haƙƙin idan ba a rubuta wani abu ba. Wanda kuma ya sa aka ɗauke shi hoto ko aka zana fuskarsa don amfanin gida, kamar hoton biki, yana da damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, yana kuma da ikon hana mai hoton yaɗa shi. Masu ɗaukar hoton aure da ke tallata aikinsu da fuskokin amare ya kamata su san da wannan.

A ɓangaren zayyanar masana'anta kuwa, ƙa'idar ta juya: idan ma'aikaci ne ya tsara zayyanar a bakin aikinsa, ko kwangila aka ba shi, to ta mai gida ce ko ta wanda ya ba da kwangilar.

Sayar da haƙƙin mallaka gaba ɗaya, ko ba mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya inganta sai a rubuce. Izini na yau da kullum kuwa ana iya ba da shi da baki, har ma a fahimce shi daga yadda mutane suka yi mu'amala. Wannan takobi ne mai kaifi biyu ga garin da ciniki ke tafiya a kan amana. Mai zanen da ya shekara yana ganin dillalinsa na kai aikinsa wurin masu injin bai ce uffan ba, ana iya cewa shirunsa yarda ce.

Akwai haƙƙi biyu da ba sa bin ciniki. Ɗaya shi ne a ambaci sunan mai aiki, kuma kada a ɓata aikin ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Ɗayan shi ne rabo daga kuɗin da aka samu idan aka sake sayar da asalin zane ko sassaƙa a gwanjo ko ta hannun dillalin fasaha. Dalilinsa a bayyane yake ga wanda ya tuna cewa a 2018 an sayar da wani zanen Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, a gwanjon Landan a kan fam miliyan 1.2, shekara 24 bayan rasuwarsa. Sai dai wannan rabo bai haɗa da kayan amfanin yau da kullum kamar riga da jaka ba.

## Abin da malamai da 'yan kasuwa ke cewa

A gari irin Zariya, tambayar halal da haram tana zuwa kafin tambayar kotu. Wasu malamai suna ganin ilimi da hikima ba kayan mallaka ba ne, kuma wanda ya sayi abu da kuɗinsa yana da ikon yin abin da ya ga dama da shi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci, tambari, haƙƙin talifi da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, kuma ba ya halatta a keta su. Wannan matsaya ce malaman zamani da yawa suka bi, suna ƙarawa da cewa liƙa sunan wani a kayan da ba nasa ba algus ne ko da babu wata doka.

Masu injin kwamfuta su ma suna da tasu hujja. Suna cewa sana'ar ɗinki da kwaikwayo ta ginu, kowane gwani a gaban wani ya koya, kuma su ne suka sa mai ƙaramin ƙarfi ya iya sa riga mai aiki ranar sallah. Dokar ba ta hana injin ba, ba ta kuma hana araha ba. Mai injin da ya buga aska biyu bai taɓa haƙƙin wani mutum ɗaya ba. Wanda ya ɗauki hoton sabon aikin wani ya shigar a kwamfuta layi bisa layi, shi ne ya shiga hurumin da doka ta kewaye.

## Idan an kwafi aikin mutum

Shari'ar haƙƙin mallaka, tambari da zayyana ta Babbar Kotun Tarayya ce, kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya tanada, ba ta kotun majistare ko kotun shari'a ta unguwa ba. Ga mutumin Zariya, wannan yana nufin tafiya Kaduna da ɗaukar lauya. Kotu tana iya hana ci gaba da kwafar, ta sa a biya diyya, ko a miƙa ribar da aka ci. Akwai kuma ɓangaren laifi, wanda NCC ke gurfanarwa a kai, kuma sabuwar dokar ta ɗaga tarar mai buga kayan sata zuwa aƙalla naira 10,000 a kan kowane kwafi, ko ɗauri, ko duka biyun.

Abin da ya fi kusa da hannun talaka shi ne sabon tanadin intanet. Mai aiki yana iya rubuta wa kamfanin da ke riƙe da shafin cewa an ɗora kayansa ba izini, a sauke, shi kuma wanda aka yi ƙorafi a kansa yana da damar mayar da martani. Facebook da Instagram suna da fom na irin wannan ƙorafi. A waje kuma, tunda Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka a 1993, zanen ɗan Najeriya yana da kariya a sauran ƙasashen da ke cikinta ba tare da wata rajista ba. Rajistar zayyana da ta tambari kuwa a iyakar ƙasa suke tsayawa.

Duk waɗannan hanyoyi a kan shaida suke tafiya. Takardar da aka fara shata zanen a kai mai ɗauke da kwanan wata, hotunan aikin tun yana rabi, saƙonnin da aka yi da mai oda, da 'yar takardar da ta faɗi riga nawa aka yarda a buga da kuɗin da za a biya, su ne abin da lauya zai fara tambaya. NCC tana da tsarin rajista ta intanet wanda ba dole ba ne, amma takardarsa tana sa kotu ta fara ɗaukar mai ita a matsayin mai haƙƙi har sai an kawo hujjar da ta rushe hakan.

Ga yawancin masu ɗinkin hannu da dukawa, kuɗin shari'a zai fi ƙarfin ribar riga ɗaya ko takalmi ɗaya, shi ya sa abin da ya fi yi musu amfani yana iya kasancewa suna, ba zane ba. An taɓa ganin yadda suna ke ɓacewa: jar fatar akuyar da aka jeme a ƙasar Hausa ta ratsa Sahara ta isa Turai, a can aka san ta da fatar Maroko. Dokar Tambarin Kasuwanci ta 1965 ta tanadi tambarin shaida, wanda wata ƙungiya za ta riƙe ta riƙa ba duk wanda kayansa suka cika sharuɗɗa, misali cewa ɗinkin na hannu ne kuma a Zariya aka yi shi. Irin wannan tambari ba zai hana kowa buga aska takwas da inji ba, amma zai hana a sayar da na inji da sunan na hannu. Kafin a same shi sai masu sana'ar sun yi ƙungiya mai rajista wadda ita kanta ba ta cinikin kayan, sun rubuta abin da ake nufi da ɗinkin hannu, sun kuma amince da wanda zai riƙa duba kaya kafin a liƙa alamar.